Fari da Harsashin Gida a Ƙasar Laka: Yadda Za Ka Gane Matsalar da Abin da Za Ka Yi

Duk wanda ya taɓa bin hanyar Dikwa zuwa Gamboru Ngala da bazara ya san firgi: baƙar ƙasa shimfiɗe iya ganinka, ta dare kashi-kashi, wata tsagar har ƙafar yaro tana iya zurmawa ciki. Da damina kuwa ita ce ke kama tayar mota ta ƙi saki. Manoma suna sonta don tana riƙe ruwa, shi ya sa ake dasa masakwa, wato dawar rani, a cikinta bayan ruwa ya janye, ta yi girma har ta nuna ba tare da ɗigon ruwan sama ba. Irinta tana nan a wajen Numan da Guyuk a Adamawa, da Deba a Gombe, da arewacin Kamaru, da Cadi, da yankin Jazira na Sudan. Kuma ba sai ka je can ba. Garuruwanmu sun cika sun batse, an yanka filaye a fadamun da kakanninmu suka bar wa shinkafa da rake, kuma da yawa daga cikin waɗannan fadamu laka ce mai kumbura.

Laka iri-iri ce. Wadda ke wahalar da gini ita ce mai yawan sinadarin da masana ke kira montmorilonait. Ƙwayoyinsa falle-falle ne, ruwa yana shiga tsakaninsu ya buɗa su. In ta sha ruwa sai ta kumbura, in ta bushe ta tsuke. Wannan motsi a sama yake tsayawa, daga mita 1 zuwa 3 a yawancin wurare, iyakar inda zafin rana da iska da saiwar itace ke kaiwa. Ƙasa da nan damshin kusan ɗaya ne rani da damina.

Da a ce ƙasar da ke ƙarƙashin gida za ta sauka gaba ɗaya daidai wa daida, da ba wanda zai ma lura. Matsalar ita ce ba ta bushewa tare. Daɓen ɗaki da rufi sun kare tsakiya, gefen kuwa yana shan rana da iskar hunturu wata da watanni. Kamar tuwon da ya kwana a buɗe ne, gefe ya bushe ya tsattsage, tsakiya tana nan da laushinta. Sai ƙasar gefen ta janye daga ƙarƙashin harsashi, kusurwar gida ta rataye ba abin da ya tallafe ta. Bulo da siminti suna jure nauyin da ya danno daga sama, amma ba sa jure ja. Sai bango ya tsage.

Ranin kowace shekara yana yin wannan aikin, amma da iyaka, kuma gidan da ya shekara goma ya riga ya saba da shi. Abin da fari ke yi shi ne ya zarce wannan iyakar. Ruwa ya makara, ya ɗauke da wuri, ko a jera damina biyu ba ta kirki ba, sai bushewar ta nutsa ta wuce zurfin harsashi, itatuwa kuma su miƙa saiwoyinsu nesa neman ruwa. Shi ya sa gidan da bai taɓa nuna komai ba yake tsagewa cikin shekara guda. Haka ya faru a Ingila a farin 1976, musamman a gidajen da ke kan lakar Landan. Haka a Faransa a 2003, sannan a 2022, inda aka ƙiyasta ɓarnar da ta shafi gidaje a wajen Yuro biliyan 3, kuma gidaje sama da miliyan 10 a ƙasar suna zaune ne a kan irin wannan laka. Mu ma mun ga fari mai tsanani a 1973 da 1984, sai dai a lokacin yawancin gidajenmu na ƙasa ne, waɗanda in sun tsage ake yaɓe su kafin ruwa ya sauka a wuce wurin. Gidan bulo da tayil ba ya karɓar wannan.

Mataki na farko: san ƙasar da kake kai

Kafin ka ɗauki shebur, zagaya unguwar da bazara ka dubi katangun maƙwabta. Katanga ba ta da nauyi, harsashinta kuma ba shi da zurfi, don haka ita ke fara tona asirin ƙasa. In ka ga katangu sun karkace, ko sun tsage daga sama har ƙasa a jere, ga turakun wuta sun sunkuya, ga kwalta ta yi tudu da kwari tana da doguwar tsaga a gefenta, to ka samu rabin amsarka. Ka tambayi tsofaffin wurin abin da filin yake kafin a yanka shi. Idan suka ce fadama ce, ko nan masu tukwane ke ɗibar yumɓu, ka riƙe. Idan kuma suka ce kududdufi ne aka cike da shara, wannan wata cuta ce daban: ciko ne ke lotsawa, ba ruwansa da fari, kuma maganinsa daban.

Daga nan ka haƙa rami a gefe, nesa da bango, zurfin kamar mita ɗaya, ka ɗebo ƙasar gindinsa, ba ta sama ba. Ka jiƙa ta kaɗan ka murza. Laka mai kumbura tana manne wa hannu kamar sabulu, tana murzuwa ta yi siririn zare ba tare da ta gutsure ba, in ka matse ta tsakanin babban yatsa da manuniya za ta fito falle mai tsawon da ya wuce santimita 5 kafin ya karye. Ka yanka dunƙulen da wuƙa, za ka ga fuskar tana sheƙi. In ya bushe kuma ba za ka iya farfasa shi da yatsu ba.

Gwajin da na fi so shi ne na akwati. Ka sa kafinta ya haɗa maka ɗan siririn akwati mai tsawon santimita 20, ka shafa masa mai a ciki, ka kwaɓa ƙasar ta yi laushi sosai ka cika shi, ka shafe samansa. Ka ajiye a inuwa kwana biyu ko uku, sannan ka fitar rana har ya bushe ƙarau. Ka tura busasshiyar ƙasar gefe guda ka auna giɓin da ya rage. Giɓin da ya wuce santimita ɗaya da rabi yana nufin ƙasar ta tsuke da wajen kashi 8 cikin 100, kuma daga nan ne masana ke ɗaukar ta a matsayin mai hatsari.

Duk waɗannan nuni ne kawai. Tabbacin yana ɗakin gwajin ƙasa, kuma ana samunsa a sassan koyar da injiniyan gine-gine na jami'o'i da kwalejojin fasaha, da ma'aikatun ayyuka, da wasu kamfanoni masu zaman kansu. Abin da za ka nema a takardar shi ne lambar da suke rubutawa da haruffan PI, wadda ke nuna yawan ruwan da ƙasar ke iya sha tana nan da danƙonta. Ƙasa da 15 ba abin damuwa sosai. Daga 35 zuwa sama, kada ka kafa bulo ko ɗaya sai da shawarar injiniya.

Mataki na biyu: karanta tsagar

Ba kowace tsaga ce ta harsashi ba, kuma nan ne mutane ke asarar kuɗi ta fuska biyu: wani ya tsorata da tsagar filasta, wani ya yi sake da wadda za ta kayar masa da ɗaki. Tsagar filasta siririya ce kamar gashi, tana yaɗuwa ta ko'ina ba tsari, kuma in ka kankare ta za ka tarar da bulon ciki lafiya lau. Yawanci rashin ban-ruwa ne lokacin da aka yi filastar, ko yashi mai ƙura.

Tsagar harsashi tana da kamanni. A karkace take tafiya, tana bin layin simintin da ke tsakanin bulo hawa-hawa, wani lokaci ta ratsa bulon kansa. Tana son farawa daga kusurwar taga ko ƙofa, don nan ne bango ya fi rauni. In ka gan ta a waje, shiga ɗakin za ka same ta a ciki a daidai wurin. Kuma tana zuwa da 'yan rakiya: ƙofar da ke rufuwa da sauƙi ta fara cijewa a sama, sakata ta daina shiga raminta, tayil ya ɗago ko ya fashe a layi ɗaya, baranda ta rabu da jikin gida, wani giɓi ya buɗe tsakanin ƙasa da gindin bango har hannu na shiga.

Sai ka dubi inda ta fi faɗi. Idan ta fi buɗewa a sama ta tsuke a ƙasa, gefen gidan ne ya sauka, kuma wannan ita ce tsagar fari. Ka fi ganinta a kusurwa, a ɓangaren kudu da yamma da suka fi shan rana da rani, ko a gefen da babbar itaciya take. Idan kuwa ta fi faɗi a ƙasa, galibi gefen ne ya kumbura ya ɗago, wato ruwa ya yi yawa a wurin, sai ka nemi famfon da ke yoyo ko inda ruwan rufi ke taruwa.

Batun faɗi kuma, akwai ma'aunin da cibiyar binciken gine-gine ta Birtaniya ta fitar wanda injiniyoyi ke aiki da shi a ƙasashe da yawa. Tsagar da ba ta wuce milimita 5 ba, ta kyan gani ce kawai, cikewa take so. Daga 5 zuwa 15 ta fara taɓa amfanin gida: ƙofofi na cijewa, ruwa na shiga, bututu na iya karyewa. Daga 15 zuwa 25 sai an rushe wani sashe na bangon an sake. Abin da ya wuce 25 magana ce ta tsayuwar ginin kansa. In ba ka da abin awo a kusa, tsinken ashana wajen milimita 2 ne, ƙaramin yatsan babba kuma ya kai 15. Tsagar da yatsa ke shiga, ko bangon da ya fara turo ciki waje, ko linta da ta zame daga mazauninta, ko dakin, wato rufin kankare, da ya tsage, ba a jira da su. A kwashe iyali daga ɗakin, a tokare, a kira injiniya mai rajista da COREN, hukumar kula da aikin injiniya ta Najeriya, a ranar.

Magini zai iya ce maka, "Alhaji, ai gini ne ke zama, kowane gini sai ya zauna." Yana da gaskiya a shekara biyu ko uku na farko. Gidan da ya shekara takwas sannan ya tsage bayan damina ta gaza, ba zama yake ba.

Mataki na uku: auna, ka jira

Idan tsagar ba ta kai ta gaggawa ba, kada ka cike ta tukuna. Na san wannan ita ce shawarar da ta fi wuyar karɓa, don ba mai son baƙo ya shigo ya ga bangonsa a tsage. Amma simintin da ka cusa a tsaga a watan Afrilu, lokacin da ta fi buɗewa, zai zama tsinke a tsakani idan ƙasa ta kumbura a Agusta tana son rufe ta. Bangon ba zai koma mazauninsa ba, sai ya tsage a wani wurin.

Ka ja layi da fensir a ƙarshen tsagar, sama da ƙasa, ka rubuta kwanan wata a gefe. Ka kafa ƙusa biyu, ɗaya a kowane ɓangare, ka auna tsakaninsu da rula, ka rubuta a littafi. Ka ɗauki hoto da waya rular tana jiki. Ka maimaita ranar ɗaya ga kowane wata, har rani da damina su zagayo. Tsagar da ke buɗewa da bazara ta tsuke da damina, laka ce ke numfashi, kuma daidaita damshi yakan wadatar. Wadda ke ƙaruwa kullum ba ta komawa, ko da ruwa ko babu, akwai wani abu a ƙasa: ciko, ko bututun da ke wanke ƙasa, ko harsashin da ya gaza. Wannan littafin shi ne abu na farko da injiniyan kirki zai tambaye ka.

Mataki na huɗu: nemo mai shan ruwan da mai zubar da shi

Itace shi ne babban mai sha. Babbar itaciya tana iya zuƙe ɗaruruwan litoci a yinin bazara guda, kuma a shekarar fari wurin da ya fi damshi a duk filin shi ne ƙarƙashin ɗakinka, don haka can saiwar ke nufa. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce tazarar itaciya da bango ta kai tsawon da itaciyar za ta yi in ta gama girma. Idan jere ne, a ƙara rabin wannan. Turare shi ne kan gaba a shan ruwa, darbejiya da mangwaro ma ba baya ba. To amma wa zai zauna a Maiduguri ko Damagaram ba inuwa? Kuma filin ƙafa 50 da 100 ina ya ga wannan tazarar? Don haka ba sarewa nake cewa a yi ba.

Hasali ma sare tsohuwar itaciya farat ɗaya yana da nasa hatsarin. Itaciyar da ta girmi gidan ta shekara da shekaru tana busar da ƙasar wurin. Ranar da aka sare ta, ƙasar za ta fara shan ruwa tana kumbura a hankali, wani lokaci shekaru da dama, ta ɗaga ɓangaren gidan da ke kusa. Abin da ya fi shi ne sassabe: a rage rassan kafin bazara, a riƙa maimaitawa duk shekara ɗaya ko biyu, don yawan ganye shi ne yawan sha. Idan akwai hali, a haƙa siririn rami tsakanin itaciyar da gida, zurfin kamar mita 2, nesa da harsashi, a datse saiwoyin da suka nufo gida, a sa shingen kankare ko leda mai kauri a mayar da ƙasa. Ƙaramar itaciyar da aka dasa bayan gini kuwa, in tana jikin bango, a cire ta tun ba ta yi ƙarfi ba.

Masu zubar da ruwa su ne ake mantawa da su, alhali da fari ɓarnarsu ta fi yawa, don suna jiƙa wuri ɗaya yayin da sauran gidan ke bushewa. Wurin alwala da ke jikin bango. Rariyar wanke-wanke da ke tsiyaya a gindin katanga. Tankin sama da ke ambaliya kullum in an kunna burtsatse. Ruwan na'urar sanyaya ɗaki da ke ɗiga a kusurwa ɗaya. Fulawar da uwargida ke ba ruwa safe da yamma a gindin taga. Sai sokawe da shadda, waɗanda bai kamata su kusanci gini da ƙasa da mita 5 ba, a ƙasar laka ma gara a ƙara. Don gane ko bututun cikin ƙasa ya fashe, ka cika tanki da dare, ka rufe duk famfunan gida, ka sa alama, ka duba da asuba. In ruwan ya sauka, kira falamba. Motsin ƙasar ne kan karya bututun, bututun kuma ya ƙara wa ƙasar motsi.

Mataki na biyar: rufe gefen gida

Aikin da ya fi kowanne biyan kuɗinsa shi ne daɓen kewaye. A zagaye gidan gaba ɗaya da daɓen kankare mai faɗin aƙalla mita ɗaya da rabi, a shimfiɗa leda mai kauri a ƙarƙashinsa, a karkata shi waje yadda ruwa zai gudu daga bango. Yana hana rana busar da gefen harsashi, yana hana ruwan sama nutsewa a wurin, wato ya tura iyakar bushewa da jiƙewa nesa da inda nauyin gida yake. Kada a manne shi da bango da siminti. A bar siririn giɓi a cike da kwalta ko wani abu mai talewa, don daɓen zai motsa. A kuma yanka shi gaɓa-gaɓa duk mita biyu ko uku. Intalok da aka jera a kan yashi ba leda yana da kyan gani, amma ruwa na bi ta tsakaninsa, bai yi wannan aikin ba. Lokacin da ya fi dacewa a yi daɓen shi ne da kaka, ƙasa ba ta jiƙe sharkaf ba kuma ba ta bushe ba. In ka rufe ta a tsakiyar bazara, ka kulle busasshiyar ƙasa ce wadda za ta kumbura daga baya.

Bayan daɓen, ƙasar tsakar gida ta gangara waje, kamar santimita 15 a mita 3 na farko. Indararo ko bututun ruwan rufi kada ya zuba a gindin bango, a kai shi lambatu mai siminti ko tanki.

A jihar Texas ta Amurka, inda wannan matsala ta zama ruwan dare, mutane kan shimfiɗa tiyo mai tsattsafo kewaye da gida su riƙa ba harsashi ruwa da rani. Yana aiki in an fara da wuri, an yi kaɗan-kaɗan, an kuma zagaye ko'ina daidai. A wurin da ake sayen jarka daga 'yan garuwa, ban ga hikimar ba, kuma wanda zai yi ta rabi da rabi gara ya bari. Abin da ba a yi ko kusa shi ne a zura tiyo cikin tsagar ƙasa a sake ruwa don a "mayar da gidan". Ruwan zai bi tsagar ya sauka kai tsaye ƙarƙashin harsashi, ya kumbura wuri ɗaya, ya kuma tausasa ƙasar da ke ɗauke da nauyi.

Ruwan farko bayan fari shi ma haka yake yi, shi ya sa gidaje da dama ba da rani suke lalacewa ba, sai a makonnin farko na damina. Kafin hadari ya fara haɗuwa, ka bi tsagogin ƙasar da ke kusa da bango ka cike su da lakar wurin da aka farfasa, ka daddanna. Kada ka cike da yashi ko tsakuwa, don hanya ka buɗe wa ruwa. Ka yashe lambatu da rariya.

Mataki na shida: gyara

Idan littafinka ya nuna tsagar ta tsaya, ko motsinta ya ragu bayan ka gyara ruwa da itace, sai a yi gyaran bayan damina, lokacin da ta fi tsukewa. Ƙarama a buɗe ta kaɗan a wanke a cike da siminti mai yashi da yawa, ba mai ƙarfi sosai ba, a ɗora ragar waya kafin filasta. Babba a ɗinke ta: a yanka layin simintin da ke tsakanin bulo a gicciye, a kwantar da gajerun rodi da suka wuce tsagar da kamar rabin mita kowane gefe, a cike. Inda sabon ɗaki ya haɗu da tsohon gini, ko baranda da jikin gida, kada a yi ta faman haɗe su. A mayar da wurin gaɓa, a cike da abu mai talewa, kowane ya motsa da kansa.

Idan motsin ya ƙi tsayawa, sai ƙarin harsashi daga ƙasa. Ana haƙa ƙarƙashin tsohon harsashi gaɓa-gaɓa, kowace kamar mita ɗaya, ana tsallake na kusa da ita, a zuba kankare har zurfin da damshi ba ya canzawa, ya yi ƙarfi, sannan a dawo kan waɗanda aka tsallake. Aiki ne mai tsada da hatsari, ba na birkila da leburori biyu ba ne. Kuma in aka yi wa kusurwa ɗaya aka bar sauran, sai tsagar ta koma inda sabon ya haɗu da tsoho. Injiniya ne zai faɗi iyakar inda za a yi.

Ga wanda bai fara gini ba

Tun ran gini ran zane. Duk abin da aka lissafa a sama ya fi sauƙi da araha kafin a kafa bulon farko. Faransa ta kai ga kafa doka a 2018 da ta wajabta gwajin ƙasa kafin a sayar da filin gini a yankunan da ke da wannan laka, kuma ƙa'idarsu ita ce harsashi kada ya gaza santimita 80 a inda hatsarin yake matsakaici, mita 1.2 a inda yake da yawa. Wannan a ƙasar da ba ta san ranin wata bakwai ba ke nan. A nan kuwa sau nawa ka ga an haƙa bulo biyu, an watsa kankare ba rodi, an ce bisimilla?

Zaɓin ya danganta da kaurin lakar. Idan ba ta wuce mita ɗaya ko ɗaya da rabi ba kuma akwai ƙasa mai ƙarfi a ƙasanta, a haƙa a wuce ta, ko a kwashe ta a cike da marmara, ana jiƙawa ana dannewa hawa-hawa, kowane hawa kamar santimita 15. Idan tana da zurfi, akwai hanya biyu. Ɗaya ita ce faffaɗan harsashi na bai ɗaya, wato kankare mai rodi da ya shimfiɗu ƙarƙashin gidan duka, da bim a jikinsa masu hana shi lanƙwasa, yadda in ƙasa ta motsa gidan zai motsa a dunƙule. Ɗayar ita ce turakun kankare da ake haƙa wa rami mai zurfin mita 3 ko fiye, a faɗaɗa gindinsu, a ɗora bim a kansu, a bar sarari tsakanin bim ɗin da ƙasa don laka ta samu wurin kumbura. A Indiya aka inganta wannan dabarar, saboda baƙar ƙasar audugarsu irin firginmu ce. Jaman fulo, wato daɓen kankaren ƙasan ɗaki, da aka zuba kai tsaye a kan laka ba rodi ba ya cikin lissafi, shi ne ke fara ɗagowa a tsakiyar falo.

A sama kuma, linta ta zagaye gidan gaba ɗaya ba a kan ƙofa da taga kaɗai ba, a sa fila mai rodi a kowace kusurwa. Gida mai siffa sauƙaƙa ya fi mai lungu da saƙo jurewa. Doguwar katanga a raba ta gaɓa-gaɓa, kamar duk mita 6, da fila biyu a jere da giɓi a tsakani. Bututun ruwa su samu sarari a inda suke ratsa bango. Wani abin mamaki shi ne gida mara bene ya fi bene shan wahala a irin wannan wuri, don ba shi da nauyin da zai danne lakar in ta tashi kumbura.

Sai lokacin haƙa. Yawancinmu da rani muke gini, kuma ba laifi, amma ramin harsashi kada ya kwana da kwanaki a buɗe rana tana gasa shi. A haƙa, a share gindin, a zuba siririn kankare na share fage a ranar. Idan filin yana da manyan itatuwa da za a sare, a sare su tun da wuri, a bar damina ɗaya ko biyu ta wuce a kan filin kafin a fara. Mai sayen ginannen gida kuma ya je dubawa a watan Afrilu ko Mayu, ya buɗe kowace ƙofa ya rufe, ya shafa bango a kusurwar tagogi ya ji ko akwai sabon faci a ƙarƙashin fenti, sannan ya zagaya baya ya dubi katanga, don ita ba kasafai mai sayarwa ke tunawa ya gyara ta ba.